Neman kalmar Hausa: me za mu kira "word filter"?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ana neman sunan abin nan da ake sakawa a manhaja ya riƙa kama zagi da kalaman cin zarafin ƙabila da kansa, ya rufe su da taurari ko ya hana saƙon fita. Shawara uku ce a ƙasa: filta, matacin ashar, rariyar kalmomi.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Filta a bar wa makanikai. Matacin ashar kuma ya yi ƙunci, don "arne" da "nyamiri" ba ashar ba ne, alhali su suka fi tayar da husuma. Sannan tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, kunnen jama'a ya saba jin "tace" a matsayin aikin mutanen da ke zama su duba su yanke hukunci.

Ɗan manhaja: Malama ta taɓo inda gizo ke saƙa. Abin ba ya hukunci, haruffa kawai yake gwadawa. Ana ba shi jerin kalmomi. Saƙo na shigowa sai ya mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, ya mayar da 0 zuwa o, @ zuwa a, ya rage harafin da aka ja, kamar "shegeee", sannan ya gwada da jerin. Idan aka bar shi yana leƙa cikin cikin kalma, nan ake ɓarna. A 1996 kamfanin intanet na AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, saboda haruffa huɗu a tsakiyar sunan garin sun yi daidai da wata batsa ta Turanci. Mu ma ga namu: ka saka haruffa huɗun nan na ashar ɗin da kowa ya sani, sai ka toshe Buratai, ka toshe sunan ƙabilar Bura ta yankin Biu gaba ɗaya.

Edita: Rubutunmu ma ba ya taimaka masa, tunda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali. Ka hana "kashi", ka hana "kashi 20 cikin 100". Mai waya marar ƙugiya ya rubuta ƙashi da k, shi ma ya faɗa. "Gindin bishiya" fa? "Uwarka ta iso lafiya?" Ga "aboki", wadda a Kano gaisuwa ce, a Legas kuma wani lokaci gori.

Malamar Hausa: To ai rariyar ke nan, Malam. Ba ta san gari ba, ba ta san tsaki ba, girman ido kawai ta sani. Na goyi bayan rariyar kalmomi, aikin kuma a ce tankaɗe.

Ɗan manhaja: Na yarda, amma a raba sunan abin da hukuncin da ke biyo baya, don iri huɗu ne: rufewa da taurari, musanyawa, riƙewa sai mutum ya duba, da gogewa. Musanyawa ta fi muni. A 2008 wani shafin labarai a Amurka da ke sauya kalmar "gay" kai tsaye ya wayi gari ya canza wa ɗan tseren nan Tyson Gay suna. Ga Hausa, riƙewa ce ta dace. A sa ta gwada cikakkiyar kalma kawai, a rubuta kowace siga daban (shege, shegiya, shegu), a kuma yi jeri na biyu na sunayen garuruwa da mutane da za su wuce ba tambaya. Habaici da gugar zana kuwa ba rariyar da za ta kama su, sai mai kula.

Edita: Jerin nan guda biyu fa, me za a kira su?

Mai fassara: Ga abin da zan shigar: rariyar kalmomi; tankaɗe saƙo; jerin hani; jerin izini; "an riƙe saƙonka, ana dubawa". A maɓalli, inda wuri ya yi kaɗan, "Rariya" ta wadatar. Duk mai gyara ya kawo kafin Juma'a.