Yayata ta rasu wajen haihuwa, ni kuma cikina wata bakwai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara Allah ya yi wa yayata rasuwa. Ta haihu a gida da asuba, har ta ba jariri nono, sai jini ya ɓalle. Muna ta canza mata zani muna cewa zai tsaya, kafin a samo mota ta galabaita, a hanya ta cika. Yanzu ina ɗauke da cikin fari, tsoro ya hana ni barci. Kwana uku ke nan kaina na sara, fuskata ta kumbura, zobe ma ya ƙi fita a yatsana. Ranar awona sai mako mai zuwa. In jira?

Wata ungozomar asibiti: Allah ya jiƙan yayarki. Ƙanwata, kar ki jira, yau ɗin nan ki je a auna jininki a gwada fitsarinki. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, amma ciwon kai da kumburin fuska da hannu bayan mako 20 alamun hawan jinin masu ciki ne. In ya kai 140/90 aka yi sake, shi ke kai mace ga jijjiga. In kin fara gani dishi-dishi ko ƙasan haƙarƙarinki na dama na ciwo, ko tsakar dare ne a tafi. Akwai magani, kuma allurar magnesium sulfate tana tare jijjigar.

Wata uwa: Ni jini ne ya kusa tafiya da ni a haihuwa ta huɗu. Ina ganin na saba, ashe ba a sabawa. Allurar oksitosin aka yi min, aka murza marata har mahaifa ta tsuke, aka ƙara min jini leda biyu. Da a gida ne, Allah kaɗai ya sani. Ki riƙa shan maganin ƙarin jininki kullum, 'yar uwa, mai ƙarancin jini ba ta jure zuba.

Ungozomar ta ƙara: Gaskiya ne, Hajiya. Zubar da ta kai rabin lita cikin awa 24 da haihuwa ta wuce misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 260,000 sun rasu ta dalilin ciki da haihuwa, kuma yawancinsu da an gano da wuri da an ceto su. Bayan kin sauka ma, zazzaɓi ko jini mai wari cikin kwana 42 na farko, a koma asibiti.

Wani magidanci: Ki nuna wa maigidanki wannan. Tun yanzu ya tanadi abin hawa da kuɗi, a san rukunin jininki da wanda zai ba ki. Ranar naƙuda ba a fara neman waɗannan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na kira shi, yana hanya, na ɗauki katin awona.