Na koma karatu, amma hankalina ya ƙi zama kan takarda

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Daga Gwallameji nake, nan Bauchi. Bayan shekara 9 da aure na koma makaranta, ga jarrabawa saura sati 6. Ina budurwa nakan riƙe littafi daga Isha'i har dare ya raba. Yanzu ko shafi biyu ban kai ba hannuna ya tafi kan waya, ko da ba ta yi ƙara ba. Abin da na karanta da safe kuwa, kafin La'asar ya gudu. Mu 34 muka buɗe zaure a WhatsApp don taimakon juna, amma kowa jira yake wani ya turo. Ƙwaƙwalwata ce ta lalace? Wallahi har kuka nake.

Wata malama daga Yelwa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, share hawayenki, lafiyarki ƙalau. Mantuwar nan halin ɗan Adam ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kansa, inda ya ga mafi yawan abin da aka koya yana zubewa ne da wuri, cikin sa'o'in farko da kwanan farko, sai in an waiwaye shi. Don haka daina maimaita shafi da ido kawai. Karanta kaɗan, ki rufe littafin, ki faɗa wa kanki abin da ya ce. Gobe ki sake, sannan bayan kwana uku, sannan bayan sati. Wahalar tunowar nan ita ke kafa shi.

Wani dattijo daga Wunti: 'Yata, abin da malama ta faɗa ai shi muka tashi a kai a tsangaya. Ba a wanke allo sai ka biya wa malam da ka, kuma tilawar baya ba ta tsayawa don an yi sabon rubutu. Da murya muke karatu, bayan Asuba, kafin hayaniyar gari. Ki gwada lokacin.

Wani ɗalibi: Anti, wayar ce. Sa ta a shiru ba ya isa. Ni a ɗakin Mama nake barin tawa na minti 40.

Malamar Yelwa ta ƙara: Zauren nan naku ya yi yawa. Wani Bafaranshe, Ringelmann, ya auna masu jan igiya, ya ga duk sanda aka ƙara mutane, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa raguwa yake. Nemi mutum uku da kika yarda da su, ku raba babi-babi, ranar Asabar kowa ya zo ya koyar da nasa baki da baki.

Mai tambaya: Allah Ya saka muku da alheri. Baba, Asubar zan fara gobe in sha Allah, kafin yara su tashi. Wayar kuma maigida zan damƙa wa tun dare.