Wai kayan daular da ba a taɓa yi ba, jabu ne ko fasaha?

Malamin Zane: Jama'a abin nan ya ishe ni. A 2017 Damien Hirst, wani mai fasaha na Ingila, ya baje kaya 189 a birnin Venis na Italiya, ya ce daga wani jirgin ruwa da ya nutse kusan shekara 2000 aka tsamo su. Ba jirgi, ba mai jirgi, duk shi ya ƙaga. Har tsohon kan mutum-mutumi na garin Ife ya kwaikwaya ya saka ciki, Victor Ehikhamenor, mai fasaha na Najeriya, ya yi ta ƙorafi. Da ɗan Maradi ne ya yi haka da an ce ɗan damfara. Wannan jabu ne, a daina kiransa fasaha.

Maƙerin Fari: Malam, janye kalmar jabu. Jabu shi ne a sayar maka da sabo a kuɗin tsoho. Wanda ya sa sunansa a bakin ƙofa wa ya ruɗa?

Malamin Zane: To tsatsar ƙarya da ya shafa musu fa?

Maƙerin Fari: Aiki ne, kuma ana gane shi. Koren tsatsa na gaske yana zaune kan wani jan ɓawo da ya ci cikin ƙarfen. Na sauri kuwa, gishiri da ruwan tsami ake shafa wa, a rufe a leda kwana biyu uku, sama-sama yake, farce ma na kankare shi. Kuma gishirin bai barin ƙarfen ya huta: da damina ta sauka sai ka ga gari kore-kore na fita, yana ci yana rami.

Inna Mai Tukwane: Ku kuna ta ƙarfe. Masu jabun gaske a yumɓu suke. Su ɗauko gindin tsohon mutum-mutumi irin wanda ake tonowa a Bura ta Nijar ko Nok ta Najeriya, su ɗora sabon kai da danƙo, su shafe mahaɗar da laka. Mai gwaji ya huda gindin, ya ɗebi garin da bai kai cikin farce ba, na'ura ta ce tsoho ne. Shi ya sa yanzu ake hudawa wuri biyu ko uku, har a ɗauki hoton cikinsa.

Ɗalibi: Inna, in aka daka tsohon tsingaro aka cuɗa da sabon yumɓu fa?

Inna Mai Tukwane: Ɗana, gwajin ranar gashi na ƙarshe yake ƙirgawa. Wutar tukwane tana kai digiri 600 zuwa 800, tana shafe tsohon lissafi kaf. Shi ya sa masu wayo ba su gasawa, da danƙo suke kwaɓa garin. Kuma in za ka gina kai, kar kaurin ya wuce yatsa biyu, ka rarake cikin, ka huda ido da hanci da baki kamar yadda na Nok suke, ka shanya a inuwa sati biyu. Ka bar shi a iskar hunturu, baya ya bushe ciki da ɗanye, sai ka ji fas cikin wuta.

Alhajin Kasuwa: Yumɓunmu ma ba ya ɗaukar wannan aiki. Sai na Mirriya.

Inna Mai Tukwane: Alhaji, ka taɓa kwaɓa ko ɗaya? Hannu ne da gwargwadon tsingaro, ba sunan gari ba.

Alhajin Kasuwa: Tulun Mirriya dai kowa ya san shi.

Ɗalibi: Mu koma kan kawunan jan ƙarfe na Ife mana.

Maƙerin Fari: Tagulla, ƙane. Galibinsu jan ƙarfe ne haɗe da tutiya da ɗan dalma, kaɗan ne kusan tsantsar jan ƙarfe. Zubi ne: a gina ƙwarya da laka, a lulluɓe da kakin zuma a sassaƙa, a sake rufewa da laka mai kashin jaki, a narke kakin ya fita, a zuba ƙarfe da ya wuce digiri 900. In ba ka bar ƙofar iska ba, hanci ko kunne ya fito guntu.

Malamin Zane: Mu a littafi jan ƙarfe muka sani.

Maƙerin Fari: Littafi ba ya zuga-zugi, Malam.

Ɗalibi: Ai ƙagen daula ba yau ya fara ba. Leo Frobenius ɗan Jamus ya ga kan Ife a 1910, ya ce aikin mutanen Atlantis ne, ƙasar almara da wai ta nutse a teku, don bai yarda baƙar fata za su iya ba. Shi ma fasaha ya yi?

Alhajin Kasuwa: Ni dai duk gumaka ne, ban ga abin faɗa ba.

Maƙerin Fari: Tunda ni ke riƙe da zauren, ga abin da aka tsayar: kalmar jabu ta faɗi, kawunan Ife tagulla ne, kuma an yarda zubi ya fi ginin yumɓu wuya.

Inna Mai Tukwane: Wa ya yarda? Nuna mini inda aka faɗi haka.