Wa ya kamata ya yanke hukunci kan zubar da ciki a Amurka?

Bakano a Ohio: Jama'a, ina neman ra'ayinku. Tun da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe, wanda ya halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, a Yunin 2022, kowace jiha ke yin tata dokar. Mu a Ohio ƙuri'a aka kaɗa a 2023, masu son a halatta suka yi rinjaye. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Rai abin jefa wa ƙuri'a ne?

Maman Yara: Malam, gara jama'a su yanke da a bar wa alƙalai tara na Kotun Ƙoli da ba jama'a suka zaɓe su ba. Ko Kansas, inda 'yan jam'iyyar Rifablikan, wadda ta fi adawa da zubar da ciki, ke da ƙarfi, jama'a sun ƙi yarda a tsaurara a 2022.

Ungozoma: Yaya, ni mai naƙuda nake tunani. A Texas mace na cikin haɗari, likita kuwa na tsoron ɗauri saboda dokar jihar da ta hana zubar da ciki. 'Yan majalisa su riƙa jin ta bakinmu kafin su rubuta doka.