Neman shawara: an buɗe wa Baba jijiyar zuciya, amma numfashi bai dawo ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 63, kuma shekara 14 ke nan yana fama da ciwon suga. Bara ya faɗi a shagonsa, aka gano jijiyar zuciyarsa guda ta toshe, aka buɗe ta bayan mun sayar da gonar gado, abin da har yau yayana bai yafe mini ba. Yanzu ƙafafunsa suna kumbura, kuma ba ya iya kwanciya sai da matashi uku saboda numfashi yana yi masa wuya. Likita ya ce ƙarfin bugun zuciyar, wato yawan jinin da take fitarwa a kowane bugu, yana kashi 55 cikin ɗari, wanda bai yi ƙasa ba, amma namanta ya sandare. Ta yaya hakan zai faru bayan an buɗe jijiyar?

Tsohon ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam. 'Yata, buɗe babbar jijiya ba ya warkar da abin da suga ya ɓata a cikin naman. Yawan suga na shekaru yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ya bar tabo a namanta, sai ta kasa saki ta cika da jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Tun 1972 likitoci suka bayyana wannan. Ki tambayi likitansa game da dapagliflozin, maganin suga da ake ba masu ciwon zuciya, kuma idan Baba yana shan pioglitazone (wani maganin suga) ko diclofenac (maganin ciwon jiki) a sanar da likitan, domin suna tara ruwa. Waɗanne magunguna yake sha?

Wata 'yar uwa: Allah Ya ba shi lafiya. Mijina haka ya yi ta jelen asibiti, kullum sabon gwaji da sabon kuɗi, babu mai yi mana bayani. Ki jiƙa masa garahuni.

Tsohon ma'aikacin jinya: Hajiya, garahuni a kan maganin suga yana iya faɗar da sugansa, kuma ba ya fitar da ruwa daga huhu.

Mai tambaya: Baba, na gode. Maganin da ke sa shi yawan fitsari kaɗai na dakatar, domin yana hana shi barci, yana kuma karya masa alwala a masallaci. Ni ce nake kwana da shi, na san wahalar da yake sha.

Tsohon ma'aikacin jinya: Wannan maganin ne yake sauke kumburin. Ki mayar da shi asibiti gobe.

Mai tambaya: Ranar ganin likitansa sai wata mai zuwa, kuma yayana bai turo kuɗi ba tukuna.