Daga Praia zuwa Sao Tome, awa nawa ne a jirgi?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena yana sayar da kayan waya a kasuwar Sucupira da ke Praia, babban birnin Cape Verde. Wani abokinsa ya samo masa aikin shago a Sao Tome. Mma cewa take yi tunda duk tsibirai ne, kuma duk Fotugis suke ji, ai maƙwabta ne, kamar unguwannin Nima da Mamobi a nan Accra. Amma tikitin da yaron ya gani a intanet sai an kai shi Lisbon, babban birnin Fotugal, tukuna. Wai nisan nawa ne? Ko dai cutarsa za a yi?

Malam na Aboabo: Wa alaikumus salam. Ka ce ina gaida Hajiya, amma ba maƙwabta ba ne. A miƙe kusan kilomita 3,700 ne tsakaninsu, wajen awa 5 ke nan in jirgi bai sauka ko'ina ba. Praia tana can yamma da Senegal, Sao Tome kuwa tana kusa da Gabon. Ta Lisbon tafiyar ta ninka: kusan kilomita 3,000 zuwa can, awa 4, sannan fiye da 4,500 a gangaro kudu, awa 6 da wani abu. Ban da zaman jira.

Ɗan Nima: Malam, to kuɗin ma ninkawa ya yi ke nan. Jiya na ɗauko taswirar ɗiyata ta makaranta, na ɗora zaren ɗinkin Mma daga Praia zuwa Sao Tome. Wallahi zaren ta gefen Accra ya bi! Mma ta cire tabarau ta mayar, ta ce to shi ke nan, ya biyo gida ya ci tuwon zafi.

Anti Mai Kanti: Ɗana, zarenka bai yi ƙarya ba. Praia zuwa Accra kimanin kilomita 2,750, daga nan zuwa Sao Tome kimanin 960. Haɗa ka gani. Na taɓa zuwa Sao Tome daga Kotoka, filin jirgin saman Accra, ko awa 2 ba mu yi a sama ba. Motar Kumasi ta fi shi cin lokaci nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce daga Praia zuwa nan, wataƙila sai ya sauya jirgi a Dakar. Kuma ya kula da agogo: Cape Verde tana bayanmu da awa 1, Sao Tome lokacinmu ɗaya. Sannan Sao Tome ba ta cikin ECOWAS, ya tambayi maganar biza kafin ya biya ko sisi.

Ɗan Nima: Na gode Anti. Na tura masa yanzu. Shekara 4 rabonsa da gida, Mma har ta sa a share masa ɗaki. Wa ya san farashin Dakar zuwa Accra a watan nan?