Malamar 'yata ta sake ajiye aiki, ta ina zan fara magana?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta huɗu, tana ajin share fage. Malamarsu ta ajiye aiki, kuma ba ita ce ta farko ba a bana. Yarinyar da ke shiga aji da gudu yanzu riga take riƙe mini a bakin ƙofa tana kuka. Da na bincika, ashe albashin malaman ajin ƙasa bai kai na malaman firamare ba. Mako mai zuwa akwai taron iyaye da malamai. Me zan ce da ba za a ɗauka rigima na kawo ba?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na daɗe ina wannan aiki, kuma har yau ana ce mana 'yan raino. To, wa ke fara gane yaron da ba ya ji sosai, ko wanda bakinsa ya yi nauyi? Wa ke koya masa riƙe fensir da jiran layi? Sai malama ta yi watanni da yaro kafin ta san kukan yunwa da na tsoro. Ranar da ta tafi, da wannan sanin take tafiya. Kada ki fara da maganar kuɗi. Ki tambayi yara nawa ne a hannun kowace malama, da malamai nawa suka tafi cikin shekara biyu. Kuma kada ki tashi ke kaɗai, ki fara tuntuɓar wasu iyayen.

Abban Sadik:
Hajiya, ki tafi da hujja. A taron da hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta yi a birnin Tashkent na ƙasar Uzbekistan a 2022, ƙasashe sun amince su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ilimi ga matakin share fage, a kuma daidaita albashin malamansa da na firamare. A 2019 UNICEF ta ce yara miliyan 175 a duniya ba sa samun wannan karatu ko kaɗan.

Kawun Yara:
Abban Sadik, gwamnatoci ne suka yi wannan alkawari, ba mai makaranta ba. Idan ta kuɗi ce, ƙarin albashi a aljihun iyaye zai ƙare, marasa ƙarfi su cire 'ya'yansu. Ku nemi a nuna muku yadda ake kashe abin da kuke biya tukuna.

Maman Ilham:
Ta kuɗi ce kuwa, Kawu. Na gode muku. Malama, in tambayi wadda ta tafi dalilinta, ko zai jawo mata matsala?